Rufin Gidanmu, Ma'aunin Baƙi

Akwai wata tambaya da ake rufe bakin mutum da ita a ƙasashenmu duk sa'ad da ya kawo zancen binciken sararin samaniya. Sai a dube shi sheƙeƙe a ce, "To malam, miya za a yi da shi?" A kwashe da dariya, a koma hirar siyasa. Mai tambayar yakan tashi yana ganin ya tsaya wa talaka. Ni kuwa a ganina wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka mai da mu 'yan haya a ƙarƙashin samanmu. Da masu ita nake rigima yau, sannan da waɗanda suka fi su laifi, wato hukumomin da ba sa tuna sararin samaniya sai ranar bikin da za a ɗauke su hoto.

Bari in fara da abin da kowane mai sauraron rediyo ya sani, ko da bai taɓa shiga aji ba. Dattijon da ya taɓa kama sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka, a kan gajeren zango, ya san cewa da rana tasha ta fi fita a mita 16 ko 19, da dare kuma sai ya murɗa zuwa mita 31 ko 41. Ya san muryar takan kumbura ta saɓe kamar ana wasa da ita. Ya san tashar matsakaicin zango da ba ya ji da azahar takan shigo raɗau bayan isha'i daga gari mai nisan gaske. Abin da ba a gaya masa ba shi ne dalili. Duniya a dunƙule take, saƙon rediyo kuwa miƙewa yake yi. Da ba don wani rufi da ke can sama yana tare saƙon yana lanƙwaso shi ƙasa ba, da ya wuce sararin samaniya ya bar Damagaram da Kano da Garwa shiru.

Wannan rufi shi masana ke kira ayonosfiya. Yana farawa daga wajen kilomita 60 sama da kanmu, ya kai kusan kilomita 1,000. Iska a can ba ta da kauri, hasken rana mai ƙarfi kuma yana fizge ƙananan ƙwayoyin lantarki daga jikinta, sai ta zama iska mai caji. Hawa-hawa ne. Hawan ƙasa yana shanye saƙon rediyo da rana, ya ɓace idan rana ta faɗi, shi ya sa matsakaicin zango ke tafiya nesa da dare. Hawan sama, wanda ke wajen kilomita 300, shi ke dawo da gajeren zango. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo daga Ingila zuwa ɗaya gaɓar tekun Atlantika ba tare da ya san hakikanin abin da ya ɗauke masa shi ba. A 1924 Edward Appleton ya yi amfani da wata tashar BBC ya auna tsayin rufin, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1947. Ke nan wanda ke cewa wannan ilimi bai shafi talaka ba, ya manta cewa talakan nan ya shekara fiye da sittin yana jin labarin duniya ta kan wannan rufi. Tashar FM sa hannun jami'i guda yana iya kashe ta. Saƙon da ya faɗo daga sama kuwa ba shi da kan iyaka, ba ya tsayawa a shingen duwan.

Yanzu ga inda zancen ya zama namu na kanmu. Duniya tana da maganaɗisu, kuma akwai wani layi da ya kewaye ta inda ƙarfin maganaɗisun ke kwance sambal, bai karkata sama ko ƙasa ba. Shi ne ikwaitan maganaɗisu, kuma bai bi ikwaitan taswira sau da ƙafa ba. A yankinmu ya hauro arewa, ya ratsa arewacin Kwaddibuwa da kewayensa, ya bi ta arewacin Najeriya, ya wuce Chadi ya nufi Habasha. Kudancin Nijar yana gefensa. A saman wannan layi, wajen kilomita 105, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana, faɗinsa kimanin kilomita 600. An fara lura da alamarsa a wata tashar awo da ke Huancayo a ƙasar Peru, Sydney Chapman kuma ya raɗa masa suna a 1951. Kowace rana ta Allah wannan kogi yana gudana a kan gonakinmu da kasuwanninmu.

Ba shi kaɗai ba ne. Da rana, wutar da ke tura kogin tana ɗaga iska mai caji daga saman layin, kamar ruwan da aka tunkuɗo daga rijiyar burtsatse, sai ta zubo hagu da dama, ta taru wajen daraja 15 arewa da kudu da layin. Nan ne ayonosfiya ta fi kauri a duk duniya. Da magariba kuma sai wani abu ya faru. Rufin yakan yi tsalle sama, ƙasansa ya zaizaye don babu rana, sai ya zama mai kauri yana zaune a kan marar kauri. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka kife kwalbar da ruwa ke sama iska na ƙasa: kumfa ke tasowa. Haka manyan kumfa, wasu tsawonsu ɗaruruwan kilomita, ke huda rufin su yi sama daga bayan magariba zuwa tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Awon da taurarin ɗan'adam suka yi ya nuna cewa saman Afirka yana cikin wuraren da wannan kumfa ya fi yawa a duniya.

Mai tambayar miya zai ce, to sai me? Sai GPS. Taurarin GPS suna can wajen kilomita 20,200, kuma duk saƙon da suka aiko wa wayarka dole ya ratsa wannan rufi. Rufin yana jinkirta saƙon, jinkirin kuma yana zama kuskuren mitoci, wani lokaci gommai. Gyaran da tsarin GPS ke aiko wa ƙananan na'urori an tsara shi ne don ya rage kusan rabin kuskuren kawai. Idan saƙon ya faɗa cikin kumfa kuwa, sai ya riƙa ƙyaftawa kamar tauraro a daren hunturu, na'ura ma tana iya rasa shi baki ɗaya. Wa ke dogara da GPS a nan? Mai safiyon da ke shata iyakar fili, a ƙasashen da rigimar gona ke cin rai. Direban da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku. Turakun waya da bankuna da ke daidaita agogonsu da shi. Sojan da ke sarrafa jirgi marar matuƙi. Da matuƙin jirgin da ya ɗauko alhazai.

Zancen jirgi ya cancanci tsayawa. Hukumar ASECNA, wadda ke kula da zirga-zirgar jiragen sama a Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe, ta daɗe tana gina tsarin da zai ƙara wa GPS inganci har jirgi ya iya sauka da shi a filin da ba shi da na'urorin sauka masu tsada. A 2020 ta fara watsa saƙon gwaji ta tauraron Najeriya, NigComSat-1R. Irin wannan tsari yana aiki a Turai da Amurka shekara da shekaru, sai dai nasu an ɗinka shi ne a kan sama mai kwanciyar hankali. Babbar wahalar kawo shi nan ita ce ayonosfiyarmu, mai kauri da kumfa. Rigar da aka auna a jikin wani ba ta zama daidai a jikinka sai an sake awo. Haka kuma jiragen da ke ƙetare Sahara har yau suna riƙe da rediyon gajeren zango don magana da hasumiya inda sauran hanyoyi ba sa kaiwa. Idan rana ta yi tartsatsi mai ƙarfi, haskensa yana isowa cikin minti takwas, ya kumbura hawan ƙasa na rufin, gajeren zango ya mutu a duk gefen duniyar da ke cikin rana, daga 'yan mintoci har sa'o'i. A Satumban 2017 hakan ya faru daidai lokacin da guguwar Irma ke ɓarna a tsibiran Karibiyan, masu aikin ceto suka rasa rediyo a sa'ar da suka fi bukatarsa.

Rana ba kullum take a natse ba. Tana da zagaye na kimanin shekara 11, ta lafa ta taso. Idan ta taso takan yi aman gajimaren iska mai caji da ke isowa duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya girgiza maganaɗisunta. A 1859 irin wannan guguwa ta sa wayoyin tangaraho suka yi tartsatsi a ofisoshi. A Maris 1989 ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada na tsawon awa tara, mutum miliyan shida suka zauna a duhu. A Fabrairun 2022 wata 'yar matsakaiciya ta kumbura iskar sama, kamfanin SpaceX ya yi asarar 38 daga cikin taurari 49 da ya harba. A Mayun 2024 manoma a Amurka sun ajiye taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka. Wanda zai ce wannan masifar ƙasashen sanyi ce, sai ya tambayi Afirka ta Kudu, inda manyan taransifomomi suka lalace bayan guguwar ƙarshen Oktoban 2003. Kada dai wani ma'aikacin lantarki a ƙasashenmu ya karanta wannan ya samu abin fakewa. Ɗaukewar wutarmu ta yau da kullum ba rana ke kawo ta ba, mun san masu kawo ta. Amma muna ta jan dogayen layukan wuta tsakanin ƙasa da ƙasa, irin wanda ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, kuma dogon layi shi ne abin da wannan guguwa ta fi kamawa. Wanda ke gina rumbu ya kamata ya san halin gara.

To tunda abin ya shafe mu haka, wa ke auna shi? Nan takaicin yake. Ba za a ce ba mu fara ba. Tun farkon shekarun 1950 ake auna ayonosfiya a Ibadan, kuma daga wannan jami'a aka samu Cyril Onwumechili, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan kogin lantarkin nan har ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1997, littafin da masana a duniya ke komawa gare shi. A Wagadugu an kafa na'urar da ke harba saƙo sama ta saurari dawowarsa, ta yi aiki daga 1966 zuwa 1998, wato kusan zagayen rana uku, sannan ta yi shiru. A farkon shekarun 1990 aka jera tashoshin auna maganaɗisu guda goma daga kudancin Kwaddibuwa har Tumbutu, a wani shiri na duniya da masanan Faransa suka jagoranta a yankinmu tare da 'yan Afirka. Shirin ya haifar da daktoci na gari, amma da wa'adinsa ya cika sai jerin ya watse. Daga baya wasu na'urorin suka zo daga Jami'ar Kyushu ta Japan, wasu daga rundunar sojan saman Amurka, aka ajiye su a jami'o'inmu.

Ban zargi baƙin da suka kawo kayansu ba. Sun ga abin da muka ƙi gani, kuma da yawa cikin masananmu ta hannunsu suka samu horo. Abin da nake ƙi shi ne matsayin da muka yarda muka tsaya a kai, na mai gadi. Mu ba da ɗaki, mu share ƙura, mu kunna janareta idan akwai mai, alƙaluman su tafi waje, a can a tace su, a can a rubuta sakamakon. Ranar da kuɗin mai kaya ya ƙare, ko batir ya mutu, ko tsawa ta ƙone wata 'yar waya, sai na'urar ta zama wurin saƙar gizo. Kayan aro ba ya rufe katara. Ilimin nan kuwa ba ya yafe giɓi. Daren da ba a auna ba ya tafi ke nan, babu kuɗin da zai dawo da shi. Lissafin da duniya ke hasashen halin ayonosfiya da shi an gina shi ne da awo, kuma inda awo ya yi ƙaranci sai a cike da kintace. Ma'ana, ana kintatar samanmu da halin saman wasu.

A dubi waɗanda layin nan ya ratsa ƙasarsu kamar yadda ya ratsa tamu. A Peru an gina katafaren radar na Jicamarca kusa da Lima a farkon shekarun 1960, da kuɗin Amurka, amma daga baya ya koma hannun cibiyar ƙasar, ya tarbiyyantar da masana 'yan ƙasa da ake ji da su. Misalin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Indiya. Ranar 21 ga Nuwamba 1963 ta harba rokarta ta farko daga Tumba, wani ƙauyen masunta a Kerala. Me ya sa can? Don yana kusa da ikwaitan maganaɗisu, kuma abin da suke son aunawa shi ne saman da wannan kogin lantarki yake, irin wanda ke kanmu. Rokar ma ƙirar Amurka ce. Ofishinsu wani tsohon coci ne, wasu kayan a kan keke ake kai su. A shekarun nan Indiya tana karɓar hatsin agaji daga waje. Da Vikram Sarabhai ya saurari masu tambayar miya, da ya naɗe tabarmarsa. Bai saurara ba. A 1975 suna koyar da ƙauyuka 2,400 noma da kiwon lafiya ta talabijin ɗin tauraron ɗan'adam. Yau taurarinsu ke hango guguwar teku a kwashe mutane kafin ta iso, kuma a Agustan 2023 suka sauke na'ura a kan wata. Mafarin duka shi ne auna saman gidansu.

A nahiyarmu ma akwai abin koyi. Afirka ta Kudu tana da tashar auna maganaɗisu a Hermanus tun 1941, ba ta bari ta mutu ba, kuma a 2022 ta buɗe a can cibiyar da ke sa ido kan yanayin sararin samaniya dare da rana don amfanin jiragen sama. Sirrinsu haƙuri ne, da biyan albashin mai awo shekara tamanin ba fashi.

Wannan ya kawo ni ga masu laifi na biyu. Gwamnatocinmu suna son sararin samaniya idan zai zo da tuta da jawabi. Najeriya ta kafa hukumarta ta NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta harba NigComSat-1 a 2007, wanda ya mutu a 2008 saboda matsalar fikafikansa na hasken rana. Tana da cibiyar binciken iskar sama a Anyigba, kuma masanan da ke can sun cancanci jinjina. Tarayyar Afirka ta buɗe hukumar sararin samaniyarta a Alƙahira a 2025. Duk da kyau. Amma tauraro abin saye ne, duk mai kuɗi yana iya yin oda a ƙera masa a harba masa. Abin da ba ya sayuwa shi ne awon shekara talatin ba yankewa daga Maraɗi ko Zariya, da mutanen da suka iya karanta shi. Tun 1980, a taron Legas, shugabanninmu suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike. Kowa ya duba kasafin ƙasarsa ya gani ko an cika. Na'urar auna maganaɗisu da ta auna ƙyaftawar GPS, a haɗe da farantin hasken rana da batir, ba su kai kuɗin jibgegiyar mota guda daga cikin ayarin da ke bin minista ba. Ashe ba talauci ne ya hana mu ba. Awo ba shi da ranar biki, shi ya sa ba shi da uban gida.

Kuma kada a ce mana ba a san amfanin awo ba. Bayan farin shekarun 1970 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don an gane cewa yunwa ma sai da alƙaluman ruwan sama ake yaƙarta. Babu wanda ke tambaya yau ko ma'aunin ruwan sama ana yin miya da shi. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fiziya da ya duƙufa kan makamashin rana tun lokacin da ake ganin abin wasa ne. Yau farantin da ake yi wa dariya shi ke kan rufin shaguna da asibitocin ƙauye. Idan muka ɗaga kai daga gajimare zuwa kilomita ɗari, hujjar ba ta canza ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A jera ƙananan tashoshin awo daga kudu zuwa arewa, su ratsa layin nan: Ilori, Abuja, Zariya, Kano, Maraɗi, Damagaram, Agadas, sannan a gabas Marwa da Injamena. Duk waɗannan garuruwa suna da jami'o'i. A sa kuɗin kula da su cikin kasafin kowace shekara, da albashin ma'aikacin da zai duba su kullum, don kada rayuwarsu ta rataya a kan tallafin baƙo. Alƙaluman su zauna a gida a buɗe, ɗalibin Sakkwato ya iya ɗaukar na Injamena ba tare da ya roƙi wani a Turai ba. Sama ba ta san iyakar da aka shata tsakanin Katsina da Maraɗi ba, kuma ko da gwamnatoci suna gaba, ma'aunai ba su da dalilin yin gaba. Duk baƙon da zai kawo na'ura, marhabin, amma da sharaɗin ya koyar da gyaranta kuma ya bar kofin duk abin da ta auna.

Mu marubuta da 'yan jarida ma da namu kason. Harshen da miliyoyin mutane ke sauraro a gajeren zango ya kamata a ce ya daɗe da yi musu bayanin abin da ke kawo musu muryar. Yaron da ya ji a rediyo cewa akwai kogin lantarki a saman garinsu, shi ne gobe zai nemi karanta fiziya maimakon ya guje ta.

Ga mai tambayar miya kuma, amsata ita ce a'a, ba a yin miya da shi. Ba a yin miya da ma'aunin ruwan sama, ko taswira, ko agogo. Amma zagayen rana na yanzu ya kai ƙololuwarsa a 2024, na gaba kuma zai taso cikin shekarun 2030, lokacin da jiragenmu da bankunanmu da iyakokin gonakinmu za su fi yau rataya a kan saƙon da ke ratsa wannan rufi. Da sauran shekaru a hannunmu, kuma sun isa a kafa ma'aunai a horar da masu karanta su. Idan muka bari suka wuce, to ranar da sama ta rikice a kan Kano ko Yamai, sai mun jira wani a Amurka ko Japan ya gaya mana abin da ya faru a kan rufin gidanmu.